Dam ɗin gona da ake son mayarwa wurin shaƙatawa: amsa ga mai tambaya

Tambaya: Wani bawan Allah ya sayi gona mai ƙaramin dam na ƙasa da aka gina shekara 20 da suka wuce. Tsayin bangon ya kai mita 6, ruwan kuma yana mamaye kamar hekta 3 idan ya cika. Yana son ya zuba kifi, ya kawo kwale-kwale, ya kafa rumfuna, mutane su riƙa zuwa hutawa suna biya. Akwai manyan darbejiya a kan bangon. A bayan bangon akwai wani wuri da ba ya bushewa ko da rani, shi ne ya dame shi. Yana kuma shirin jera buhunan yashi a mafitar ruwan don tafkin ya ƙara cika ya kai bazara, ya ɗaura raga a wurin kada kifi ya gudu. Akwai ƙauye a gangare, tafiyar da ba ta kai kilomita ɗaya ba. Yana tambaya ko akwai haɗari.

Amsa:

Alhaji, Allah ya sanya albarka a wannan gona. Bari in fara da abin da ba za ka so ji ba, don kada ya ɓace a cikin dogon bayani. Kada ka ajiye ko buhu ɗaya a wannan mafitar, kada kuma ka ɗaura mata raga. Danshin da ya tayar maka da hankali mai yiwuwa ne ba komai ba ne, za mu zo kansa. Abin da ka ambata a ƙarshen saƙonka kamar wani ɗan gyara, shi ya fi ba ni tsoro.

Dam irin naka tulin ƙasa ne da aka daddaɓe, ba wani abu ba. Zai iya tare ruwa shekara da shekaru muddin ruwan yana gabansa. Ranar da ruwan ya hau kansa ya gangara ta baya, labari ya canza. Ka san yadda ruwan sama ke cin hanyar gona ya mai da ita kwazazzabo a damina ɗaya. Haka zai ci bayan bangon, sai dai a nan akwai tafki guda yana turo shi, ba ya yankewa. Zai fara da ɗan zirin rami, ramin ya riƙa ja da baya har ya kai doron bangon, daga nan sai ya buɗe baki. Wani lokaci ba a kai awa biyu ba an gama. Mafitar nan da kake kallo a matsayin inda ruwanka ke tafiya a banza, aikinta ɗaya ne tak: ta hana ruwa taɓa doron bangon. Wanda ya gina dam ɗin da gangan ya bar ta ƙasa da bangon.

Mu yi lissafi, don magana da lissafi ta fi shiga. Ruwan sama na milimita 1 a kan hekta 1 lita 10,000 ne. Mu ɗauka ƙasar da ke juye ruwanta a cikin tafkinka hekta 200 ce, kuma wannan ba wata babbar ƙasa ba ce. A cikin watan Agusta aka kwana ana tafka ruwa, milimita 100, abin da ba baƙo ba ne a arewa. Lita miliyan 200 ke nan suka sauka. Ƙasa ta riga ta ƙoshi, don haka ko rabi ne ya gangaro, lita miliyan 100 sun nufo ka, wato kimanin tanka 3,000 irin ta dakon mai. Tafkinka a cike yake. Idan akwai ratar mita 1 tsakanin fuskar ruwa da doron bango, wurin da ya rage maka na lita miliyan 30 ne. Sauran dole mafita ta kwashe su a cikin daren nan. To ka jera buhuna na rabin mita: wurin ya koma na miliyan 15, kuma ka ƙuntata hanyar da sauran za su bi. Ga wani ƙari. Turin da ruwa ke yi wa bango ba faɗin tafki ke kawo shi ba, zurfi ne, kuma ba daidai wa daida yake ƙaruwa ba. Ruwa mai zurfin mita 3 yana tura kowace mita ta tsawon bango da nauyin tan 4 da rabi. Mai zurfin mita 6 kuwa tan 18 ne. Zurfi ya ninka sau biyu, turi ya ninka sau huɗu.

Raga kuwa, ranar da ka ɗaura ta raga ce. Ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, ta zama bango. Kara, leda, ganye, reshe, tsumma, mushen akuya, duk abin da rafi ya kwaso a nan zai maƙale, kuma ba ya maƙalewa sai a daren da ake buƙatar mafitar ta yi aikinta.

Wannan ba hasashe nake maka ba, an taɓa yi. A jihar Pennsylvania ta Amurka akwai wani dam na ƙasa da ake kira South Fork, wanda wata ƙungiyar attajirai ta mallaka don kamun kifi da farauta da hutu. Cikin 'yan ƙungiyar har da Andrew Carnegie da Henry Clay Frick, manyan masu kuɗin ƙarafa na zamanin. Tun kafin ya zo hannunsu an cire bututun da ake rage ruwa da su, su kuma ba su mayar ba. Suka rage tsayin doron bangon don hanya ta yi faɗi keken doki ya wuce a sake. Suka sa ragar ƙarfe a mafita don kifin da suka zuba kada ya tsere. Ranar 31 ga Mayu, 1889, bayan ruwan sama mai yawa, tarkace ya toshe ragar, ruwa ya hau bangon, dam ɗin ya fashe, ya share garin Johnstown da ke nisan kilomita 23. Mutum fiye da 2,200 suka mutu. Dam ɗinsu ya fi naka girma nesa ba kusa ba, tsayinsa ya kai mita 22. Amma ka sake karanta abubuwan da suka yi, ka kwatanta da naka shirin. Ba wanda ya yi niyyar mugunta a cikinsu. Kowane gyara don jin daɗin baƙi aka yi shi.

Mu ma nan gida mun ga namu. Dam ɗin Bagauda da ke hanyar Kano zuwa Tiga, wanda har otal aka gina a bakinsa mutane na zuwa hutu, ya ɓalle a watan Agusta na 1988 bayan ruwan sama mai yawa, ya ci gidaje da gonaki da rayuka. Na Alau kuwa ya ɓalle a watan Satumba na 2024, kowa ya ga yadda Maiduguri ta koma. Waɗannan na gwamnati ne, masu injiniyoyi da ma'aikata. Naka ba shi da kowa sai kai.

Idan ƙarin ruwa kake so, akwai hanya. Dam mai shekara 20 ya sha laka, wataƙila ma lakar ta cinye wani babban kaso na cikinsa. Ka bari rani ya yi, ruwa ya ja baya, ka yashe ta. Manoman kusa za su kwashe da murna, taki ce. Sharaɗi biyu kawai: kada a haƙa kusa da gindin bangon, a ba shi tazara sosai, kuma kada a zarce lakar a fasa yumɓun da ke ƙasa a tarar da yashi, don nan ruwanka zai riƙa zurarewa. Kifi kuma ka yi masa keji mai yawo a kan ruwa, irin na durom da raga. Ya fi sauƙin ciyarwa, ya fi sauƙin kamawa. Wanda ke yawo a tafki kuwa, in ambaliya ta tafi da wasu, ka ɗauka sadaka ka yi wa yaran ƙauye.

Yanzu danshin. Babu dam na ƙasa da ba ya tsattsafo. Ruwa yana bi ta tsakanin ƙwayoyin ƙasa a hankali ya fito ta baya, haka abin yake tun ran gini. Tambayar ita ce: shi kaɗai yake fitowa, ko da guzuri? Ka samu kwalba fara tas, ka tari ruwan daga inda yake ɓuɓɓugowa ba tare da ka dama wurin ba, ka ajiye ta kwana. Idan ruwan garau yake, babu abin da ya kwanta a ƙasan kwalbar, to da sauƙi. Idan ya yi dishi-dishi ko ka ga gari ya kwanta, wannan garin bangonka ne ruwa ke fitarwa cokali-cokali. Yana haƙa wa kansa rami daga baya yana nufar tafki, kamar yadda ɓera ke yi, ba wanda ke gani daga waje. Ranar da ramin ya haɗu da tafkin, ba a buƙatar ko ɗigon ruwan sama. Dam ya kan fashe ta wannan hanya rana tsaka, sama wasai.

Ko da ruwan ya fito garau, kada ka tsaya nan. Ka kafa turaku a gefen wurin danshin don ka gane ko yana faɗaɗa. Ka yi masa 'yar kwata ya taru wuri guda, ka sa bokiti, ka duba agogo, ka rubuta minti nawa yake ɗauka ya cika. Ka riƙa yin haka kowane mako, kana rubuta tsayin ruwan tafki a gefe. Tsattsafon da ke ƙaruwa in tafki ya cika ya ragu in ya ja baya, yana bin ƙa'ida. Wanda ke ƙaruwa alhali tafki bai motsa ba, shi ne abin gudu. Ka kuma lura da inda danshin yake. Na can ƙasa a gindin bango ya fi sauƙi. Wanda ya hau jikin bangon, kamar tsakiyar gangaren, yana nufin bangon ya jiƙe sharkaf daga ciki, kuma jiƙaƙƙen gangare zamewa yake yi. Idan akwai bututu da ya ratsa bangon, ka duba kewayensa da kyau, don ruwa na son bin jikin bututu fiye da ko'ina.

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ya kawo yumɓu ko siminti ya liƙe wurin daga baya. Kada ka yi. Ruwan da ka hana fita bai koma tafki ba, yana nan yana taruwa a cikin bangon har ya samu wata ƙofar da ta fi wannan muni. Abin da ake yi akasin haka ne: a bar ruwan ya fita, a hana ƙasar bin sa. Ana shimfiɗa yashi mai tsabta a kan wurin, a bi shi da tsakuwa, a danne da duwatsu. Yashin ya riƙe ƙasa, tsakuwar ta riƙe yashi, ruwa ya wuce abinsa.

Darbejiyar nan na san ita ce kwalliyar wurin, kuma na san a ƙarƙashinta ka yi niyyar jera kujeru. Sai dai saiwa ruwa take nema, ruwan kuma yana ɗaya ɓangaren bangon. Muddin bishiyar na raye saiwar ta cika ramin da ta haƙa. Ranar da ta mutu saiwar ta ruɓe, ta bar maka bututu kyauta daga wannan gefe zuwa wancan. In kuma guguwa ta tumɓuke ta, da ƙaton gutsuren bango za ta tafi. Amma kada ka aika a sare su gobe, don sarewa ba tare da tono kututture ba shi ne kashe saiwar da hannunka. Ƙanana waɗanda ba su wuce kaurin hannu ba, a cire su yanzu, a hana wasu fitowa. Manyan kuwa aikin rani ne: a rage ruwa, a sare, a tone kututture da manyan saiwoyi, a cike ramin da ƙasa mai yumɓu ana daddaɓewa hawa-hawa, injiniya na tsaye. Bango ciyawa yake so, gajeruwa mai kama ƙasa irin kiri-kiri, ana yanka ta don ido ya ga abin da ke faruwa. Inuwa kuma ka dasa ta a gaɓar tafki, nesa da bango da mafita.

Akwai wasu maƙiyan da ba a cika lissafawa ba. An taɓa kirana wata gona inda mai ita ya rantse bangonsa lafiya lau, kuma da ido haka yake. Muna tafiya a kan doron sai sandata ta nutse har rabi. Gara ce ta yi gida a ciki, shurin da ke waje bai kai tulu ba, amma ɗakunan da ke ƙasa sai da muka kwana biyu muna tonowa. Gafiya ma haka, damo ma haka. Shanu kuma in suka saba hawa ta wuri guda, sawunsu zai zama kwata. Motocin baƙi kuwa kada ka bari su hau doron, musamman da damina. Taya tana yin kwari, ruwa ya kwanta, doron ya lotsa, kuma inda ya fi lotsawa nan ne ainihin tsayin dam ɗinka, ba inda ya fi tudu ba. Shi ya sa aikin farko da zan so a yi maka shi ne mai awo ya zo da na'urarsa ya auna doron daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ya auna bakin mafita, a san ratar da ke tsakani a wurin da ya fi ƙasa. In ba ta kai mita 1 ba, kana da aiki kafin damina.

Ka kira dam ɗinka ƙarami, kuma a ma'aunin injiniyoyi gaskiyarka ne. Hukumar duniya mai kula da manyan madatsun ruwa tana fara kiran dam babba daga tsayin mita 15, ko kuma daga mita 5 in yana riƙe da fiye da lita biliyan 3. Amma mu ba da tsayi muke auna haɗari ba, da wanda ke kwance a ƙasansa muke aunawa. Hekta 3 mai matsakaicin zurfin mita 2 nauyin tan 60,000 ne na ruwa, a saman ƙauyen da gidajensa wataƙila na ƙasa ne, a tazarar da ruwa zai ci cikin 'yan mintoci. A Solai da ke yankin Nakuru a Kenya, dam ɗin wata gona mai zaman kanta ya fashe da daren 9 ga Mayu, 2018, mutum fiye da 40 suka rasu, da yawansu yara ne. Dam ɗin gona ne kawai, ba wanda ya san sunansa a wajen yankin kafin ranar.

Saboda haka ka sa takalminka ka bi rafin da ƙafa daga gindin bango har ka wuce ƙauyen. Ka ga gidajen da ke kwari, ka ga inda yara ke wasa da inda mata ke wanki, ka ga tudun da za a gudu a hau. Ka zauna da mai unguwa da liman ka gaya musu gaskiya. Wasu na gudun wannan zama don kada a ce dam ɗinsu na da matsala, ni kuwa ina ganin shi ne mafi arha a duk ayyukan da na lissafa maka. A karɓi lambobin waya, a amince cewa lasifikar masallaci ce za ta yi shela. Ka kafa sanda mai fenti a cikin tafki inda ake hango ta da tocila: kore, rawaya, ja. Mai gadinka ya san cewa duk daren da ake ruwa ba barci, kuma in ruwa ya taɓa ja ba kai zai fara kira ba, mutanen gangare zai fara tasa. Ka ba shi wannan izini a gaban shaidu, don yaron gida ya kan ji tsoron tayar da gari ba da yawun maigida ba.

Ta fuskar doka, nauyin a wuyanka yake tun ranar da ka karɓi takardar gona, ko da ba kai ka gina ba. Akwai wata tsohuwar shari'a ta Ingila, Rylands da Fletcher, ta 1868, wadda ita ma a kan tafkin wani mai masana'anta aka yi ta bayan ruwansa ya malale ramin haƙar kwal na maƙwabci. Hukuncin shi ne wanda ya tara abu mai haɗari a filinsa, in ya kuɓuce ya yi ɓarna, shi zai biya ko da bai yi sakaci ba, kuma kotunan Najeriya na aiki da wannan ƙa'ida. A addini ma ka san ba a yarda a cutar da maƙwabci ba. Ka je hukumar raya kogunan yankinka, in a Kano ko Jigawa kake Hadejia-Jama'are ce, in a Sakkwato, Kebbi, Zamfara ko Katsina kake Sokoto-Rima ce, ka nemi sanin izinin da ake buƙata, ka kuma ɗauki injiniyan ruwa mai rajistar COREN, wato hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, ya duba maka ya rubuta rahoto. Birkila ko direban katafila, komai ƙwarewarsa, ba aikinsa ba ne.

Su kansu baƙin da za ka gayyato, ruwan na iya cinye su ba tare da bango ya motsa ba. Gaɓar dam ba irin ta kogi ba ce, taku biyu ka faɗa zurfi, ƙasan kuma laka ce mai riƙe ƙafa. Ka hana wanka gaba ɗaya, ko ka keɓe wuri marar zurfi da igiya da mai lura wanda ya iya ruwa. Ban da haɗarin nutsewa, ruwan da ke kwance a ƙasarmu sau da yawa yana da ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da tsargiya, ga yara nan su koma gida da fitsarin jini. Kwale-kwale kuma a rubuta masa adadin mutane a jikinsa da fenti, kowa da rigar kariya, ba a shiga bayan magariba. Mutanen Bagwai ba su manta da ƙarshen Nuwamba 2021 ba, lokacin da jirgin da aka cika maƙil ya kife a dam ɗin Watari da ɗaliban Islamiyya, aka rasa fiye da mutum 20. Ranakun sallah, da jama'a ta fi yawa kuma kuɗi ya fi shigowa, su ne ranakun da mai tuƙi zai ce a ƙara mutum biyu ba komai.

Abu na ƙarshe, ka tabbatar kana da hanyar rage ruwa da gangan. In akwai bututu mai famfo, ka gwada shi yanzu, don da yawa sun yi tsatsa sun ƙi juyawa. In babu, ka tanadi manyan bututun roba da za a ɗora ta kan bango su zuƙo ruwan su zubar can nesa da gindinsa. A ranakun lafiya a hankali ake ragewa, kamar taƙi guda a yini, don in ka janye ruwa da sauri gangaren ciki da ya jiƙe zai iya zamewa ya bi shi. Amma in kwalbar nan ta nuna laka, ko ka ga ƙasa ta lotsa a doron, ko tsaga ta ratsa bangon daga gaba zuwa baya, ko ruwa na juyawa wuri guda kusa da bango kamar ana zuƙarsa, kada ka jira rahoton kowa. Ka sanar da ƙauyen, ka buɗe duk abin da ke buɗuwa, sannan ka kira injiniya.